Ziyarar Ƙaro Sani: Hanyoyin Da Suka Tashi Daga Bawdeta

Bawdeta ƙaramin gari ne a kudancin Tasawa, cikin jihar Maraɗi. Ƙasar jigawa ce mai rairayi. Hausawa manoma da Fulani makiyaya ke zaune a cikinta. Ana noman hatsi da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. A ƙidayar 2012 mutanen gundumar duka sun kusa 12,000. Kona da Korgom da Hawan Dawaki duk kusa suke, iyakar Nijeriya ma ba ta da nisa.

Da an gama kaka, an ɗaure damma an kai rumbu, sai gari ya fara raguwa. Samari su ɗauki ƴan jakunkunansu su nufi tasha. Wani Kano, wani Legas, wani Agadas, wani har Libiya. Makiyaya kuma da tasu tafiyar: da damina su yi arewa da bisashe, da kaka su gangaro cin kara. Saboda haka ba wanda zai koya wa mutumin Bawdeta tafiya. Ya san tasha, ya san shingen duwan, ya san yadda ake ɓoye kuɗi cikin lalita.

Amma akwai wata irin tafiya da ba a cika yi ba. Ita ce a tashi takanas, ba don cin rani ba, ba don biki ko gaisuwar mutuwa ba, a je a duba yadda wasu suke aikinsu, a dawo gida a gwada.

TSOFFIN ƊALIBAI

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata al'ada. Mutanen da suka gama babbar makaranta, wato jami'a, sukan kafa ƙungiyar tsoffin ɗalibai. Wani ya zama likita, wani alƙali, wani ya tsufa ya bar aiki. Shekara-shekara ƙungiyar takan shirya tafiya zuwa wata ƙasa. Su haɗa kuɗi, su ɗauki malami guda daga makarantarsu ta da, su tafi kwana goma ko sati biyu. Da rana su duba tsoffin gine-ginen Masar ko namun dajin Kenya. Da dare malamin ya zaunar da su, ya yi masu bayanin abin da suka gani. Kuɗin mutum ɗaya ya isa sayen shanu da dama. Sha'anin masu hali ne. Amma dabarar da ke ciki ba ta da tsada: a tafi tare, a tafi da wanda ya sani, a rubuta abin da aka gani.

Hausawa ma sun yi irinta. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka gayyaci ƴan jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila. Cikinsu akwai Malam Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ta jirgin ruwa suka tafi, a lokacin da ake nutsar da jirage a teku. Da ya dawo bai bar labarin a bakinsa ba. Ya rubuta shi da Hausa cikin littafi mai suna Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Mutum ɗaya ya hau jirgi, dubbai suka karanta.

Bawdeta ba ta da jami'a, amma tana da tsoffin ɗalibai. Tun 1963 ake yaƙi da jahilci a Nijar. Duk wanda ya zauna a aji da dare bayan ya dawo daga gona, ya koyi baƙi da wasali da lissafi, tsohon ɗalibi ne. Haka wanda ya yi lakwal ya koma noma. Waɗannan su ne za su iya riƙe alƙalami a gonar wani su rubuta faɗin rami da yawan taki.

ABIN DA MANOMAN ILLELA SUKA GANO

Ga labarin wata tafiya da ta biya kuɗinta. Illela ta jihar Tawa ake nufi, ba ta Sakkwato ba.

Bayan yunwar 1984 ƙasar Illela ta cika da faƙo. Iska da ruwa sun kwashe ƙasar sama, sun bar dandagaryar ƙasa mai tauri kamar daɓe. In an yi ruwa, sai ya gudu ya faɗa kwari. Ko ciyawa ba ta tsira. Mai irin wannan fili ba ya ma ƙirga shi cikin gonakinsa.

A 1989 wani shirin raya karkara, wanda asusun FIDA ya ba kuɗi, ya ɗebi manoma ƴan kaɗan, ba su kai 20 ba, ya kai su ƙasar Yatenga a arewacin Burkina Faso. Ƙasar Mosawa ce, babban garinta Wahiguya. Can ma faƙo ne ya dame su. Amma baƙin suka tarar ana girbin dawa da hatsi a kan faƙon. Yaya aka yi? Ramu ne ake haƙawa tun da rani, Mosawa suna ce masu zai. Dabarar tsohuwa ce, amma wajen 1980 wasu manoma suka gyara ta. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Yakuba Sawadogo na ƙauyen Gurga, wanda ya rasu a 2023.

Ga yadda ramin yake. Faɗinsa kamar taki ɗaya na hannu zuwa ɗaya da rabi, wato santimita 20 zuwa 30. Zurfinsa kamar santimita 15 zuwa 20. Tsakanin rami da rami kamar mita ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a gefen gangare, don ta tare ruwa. Sai a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Gara takan zo cin takin, ta huda ƙasa, ta buɗe wa ruwa hanya. Iska kuma ta zubo rairayi da ganye a ciki. Da ruwan fari ya sauka, ramin ya sha, sai a shuka. Hekta guda, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, takan ɗauki rami wajen 10,000. Aiki ne mai karya baya, ba wanda zai ce ba haka ba.

Da manoman suka dawo Illela, ba su yi taron jawabi mai tsawo ba. Kaɗan daga cikinsu suka ɗauki hauya suka gwada a ƴan ƙananan filaye. Maƙwabta suna wucewa suna kallo. Sai daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa. Gonaki da yawa suka ƙone. Hatsin da ke cikin ramu ya tsaya, ya yi kai. Daga nan ba a ƙara bukatar mai wa'azi ba. Kafin shekara goma ramun, waɗanda ake kira tassa, sun rufe dubban hektoci a Illela da Badagishiri da kewaye. Faƙon da ake bayarwa kyauta ya koma ana sayensa da kuɗi. Wasu samari suka sami aikin haƙan tassa da rani ana biyansu, maimakon tafiya cin rani.

Abin lura a nan shi ne waɗanda aka kai. Da ma'aikatan ofis kaɗai aka tura, da sun dawo da rahoto da Faransanci, an sa a kabad. Manomi ne ya ga gonar manomi, ya durƙusa ya sa hannu cikin ramin, ya ji ƙasar irin tasa ce.

To, kada mai karatu na Bawdeta ya tashi gobe ya cika gonarsa da ramu. Tassa maganin faƙo ce. A jigawa mai rairayi ruwa yana nutsewa da kansa, kuma iska ɗaya ta isa ta cike ramun kafin shuka. Wanda yake da ɗan faƙo a gefen gona ya gwada a nan. Sauran kuwa cutarsu dabam ce: iska mai binne shuka, ƙasa da ta gaji, rashin itacen girki. Kuma tun wajen 2016 arewacin Burkina Faso ya shiga rashin kwanciyar hankali, hanyar Wahiguya ba ta ziyara ba ce. Sa'ar da aka yi, makarantar da ta dace da jigawa tana nan kusa.

HANYAR YAMMA: GAZAWA, AGYE, ƊAN SAGA

A ce tsoffin ɗalibai 16 na Bawdeta sun shirya. Su fita da sassafe su hau babbar hanyar kwalta wadda ta haɗa Damagaram da Maraɗi.

Ƙasar nan ta ga matafiya iri-iri. A watan Janairu 1851 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa, ya bi ta Gazawa zuwa Katsina da Kano. Duk inda ya tsaya sai ya fitar da littafi ya rubuta sunan gari da itatuwa da abin da ake sayarwa a kasuwa. Har yau masana suna buɗe littafinsa in suna son sanin yadda ƙasar take a da. A 1899 kuma wasu sojan Faransa biyu, Bule da Shanuwan, suka biyo da wuta da bindiga, suka ƙone garuruwa, suka kashe jama'a. A watan Yuli na shekarar sojojinsu suka harbe su. Kaburburansu suna Maijirgi, gabas da Tasawa.

Daga Gazawa zuwa Agye, mai tafiya ya duba dama da hagu. Gonaki ne cike da itatuwa: gawo, kalgo, sabara, taramniya, aduwa, magarya. Yaro zai ce haka Allah ya yi wurin. Tsoho ya san ba haka yake ba a 1984. A lokacin mutum yana iya hangen ƙauye daga ƙauye, ba abin da ya tare ido. Mata suna yini neman itace, suna girki da kara da kashin shanu. Manomi yakan shuka sau biyu ko uku saboda iska tana binne tsiro. A watan Mayu na shekarar aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada.

Kafin nan an sha dasa itace. A raini iri a gandu, a kai ƙauye a mota, a dasa, a yi biki. Mafi yawa su mutu kafin shekara. Cikin masu wannan aikin akwai wani mutumin Ostareliya, Toni Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM a Maraɗi. Wata rana a 1983 ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa don ya wuce rairayi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a gefen hanya. Da ya duba ganyen, ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa. Kowace shekara yana tohowa, kowace shekara mai gona yana sassabe shi ya ƙone. Irin waɗannan kututture kuwa miliyoyi ne cikin gonaki.

Daga nan aka fara abin da ake kira sassabin zamani. Mai gona ba ya share komai da komai. Ya zaɓi kututture, ya bar tsiro mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran. Ya rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon tsiron. Saiwar da ke ciyar da tsiro talatin ta koma ciyar da uku, sai su yi saurin tashi.

Manoman farko kamar goma ne, aka yi ta yi masu dariya, ana cewa ƙazaman manoma. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona, a ƙauyuka wajen 100. Da rabon ya ƙare, mafi yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari suka ga hatsinsu bai ragu ba, ga itacen girki, ga ganyen dabbobi. Sannu a hankali masu dariya suka koma kwaikwayo.

A faɗi gaskiya, ba Bature ne ya koya wa Bahaushe darajar gawo ba. A ƙasar Magarya da Matamai da Mirya manoma sun daɗe suna barinsa. Sun san yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma ƴaƴansa abincin bisashe ne a tsakiyar rani. Ana ba da labarin sarakunan Damagaram na da suna hukunta mai saran gawo hukunci mai tsanani. Abin da ya kashe wa mutane gwiwa daga baya shi ne doka ta mai da itace na hukuma. Mutum ya raini itace a gonarsa, ya sari reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Sai manomi ya gwammace ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. An sake dokar daji a 2004. A watan Yuli 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman wadda ta tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya raina a gonarsa.

Masana sun gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da na bayan shekara ta 2000. Suka ƙiyasta fili hekta miliyan 5 ya sake yin itace a kudancin Nijar, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Toni Rinaudo da Yakuba Sawadogo babbar lambar yabo iri ɗaya a ƙasar Suwidin.

Ɗan Saga ƙauye ne a arewacin Agye. Ya yi suna ne saboda tsari. Raina itace ba wuya, tsare shi ne wuya. Mutum ya yi shekara uku yana gyaran kalgo, wani ya zo da dare ya sare. Mutanen Ɗan Saga suka kafa kwamitin tsaro, da maza da mata da makiyaya a ciki, suka sa dokoki da tara. Baƙi daga jihohi da ƙasashe dabam-dabam sun sha zuwa gani. Kafin 2010 an kawo manoma daga yankin Kafrin na ƙasar Senegal su duba gonakin Nijar, suka koma suka yi irinsa a dubban hektoci. Mutum ya taso daga Senegal ya ga abin da ke ƙasa da yini guda daga Bawdeta!

Baƙo ya kan ji daɗin labari ya manta da tambaya. Ƴan Bawdeta su yi tambayoyin da ba a so. In ɗan mai gari ne ya sari itace, ana cinsa tara? Wa ke riƙe kuɗin tarar? In itace ya yi yawa, tsuntsaye ba su sauka su ci hatsi? Itace nawa ya kamata a bari a hekta, 40 ko fiye? Wanda ya ari gona ko ya karɓi jingina, itacen da ya raina na wa ne? Makiyayin da ke cikin tafiyar kuma ya tambayi nasa: in rani ya yi tsanani, an yarda ya sassaƙo reshen gawo wa shanunsa, ko sai ya biya? Burtali yana nan da faɗinsa, ko gonaki sun cinye? Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin kula da filaye, kuma an kafa turakun siminti a burtali da dama na jihar Maraɗi. Ya duba da idonsa ko turakun suna tsaye.

In da sauran guzuri, a ƙarasa Maraɗi. A Tarna akwai gonar bincike ta INRAN, hukumar da aka kafa a 1975. Can ake gwada irin hatsi mai saurin nuna, kamar HKP, da irin wake. Ma'aikatanta suna cikin waɗanda suka gwada buhun wake mai riɓi uku: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje. A ɗaure kowanne dabam. Iska ta ƙare wa ƙwaro, ya mutu, ba tare da an zuba magani ba. A dawowa ana iya ratsawa ta Mayahi a ga Gulbin Kaba, kwarin goriba, inda mata ke yankan kaba ana saƙa tabarma da igiya. Can ma rigimar ɗaya ce: in an yanke kaba tun tana ƙarama kowace shekara, goriba ba ta tashi.

HANYAR KUDU: ƘETARE IYAKA

Ga mutumin Bawdeta ƙasar waje tana bayan gari. Turawan Faransa da na Ingila ne suka ja layin, suka bi shi tsakanin 1906 da 1908 suna kafa turaku 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi. Layin ya raba gonaki da dangi, amma bai raba harshe ba. Wannan babbar riba ce ga mai ziyara: ba ya bukatar tafinta.

Ta Mai Mujiya ake ƙetarawa. Kasuwar Mai'aduwa tana ci ranar Lahadi, ta dabbobi da hatsi. Makiyayi ya tsaya a kara ya ji farashin sa da rago, ya gwada da abin da dillali ke ba shi a gida. Gaba kaɗan sai Daura, inda rijiyar Kusugu take, wadda labarin Bayajida da macijiya ya rataya a kanta. An gina ɗaki a kan rijiyar, baƙi suna shiga su ɗebi ruwa.

Katsina gida ce ga mutanen wannan yanki. Da jihadi ya ci birnin a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa Maraɗi. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. A birnin akwai hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa wanda ake cewa ya haura shekara 500. Akwai kuma tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu. An mai da shi gidan tarihi. Ɗakunan ƙanana ne, na ƙasa. Wanda ya koyi karatu a rumfar kara zai ji daɗin ganinsu.

A Kano kowa zai so ganin dutsen Dala da kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. A gani, ba laifi. Amma wurin da manomi zai fi ƙaruwa shi ne kasuwar Dawanau, a hanyar Katsina. Can waken Nijar da riɗinta suke sauka. Ya tsaya ya ga yadda ɗan kasuwa ke soka buhu ya zaro wake ya duba. Mai huda kuɗinsa dabam, mai tsakuwa dabam, fari ƙal mai manyan ƙwaya dabam. Ya shinshina kuma. A 2015 ƙasashen Turai sun hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a ciki ya wuce kima. Wanda ya ga wannan ya dawo, ba sai an roƙe shi ya bar zuba guba a rumbun wake ba.

Baƙon ma yana da abin bayarwa. Hotunan sama sun nuna a wurare da dama na kan iyaka, kudu da Damagaram, gefen Nijar ya fi gefen Nijeriya itace a gona, ko da yake ruwan sama ya fi sauka a kudu. In an zauna hira da manoman Daura, ɗan Bawdeta yana iya ɗaukar adda ya nuna sassabin zamani.

Sai dai iyaka ba kullum take buɗe ba. An rufe ta daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, ana tsakiyar yunwa, shi ya sa tsofaffi ke kiran yunwar El Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A Janairu 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO. Saboda haka kafin a tashi, shugaban tafiya ya je ofishin magajin gari da na jandarma ya tambayi takardun da ake bukata da halin da hanya take ciki. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. A yi tafiya da rana. Yammacin jihar Katsina, wajen Jibiya da Batsari, ya sha fama da ƴan bindiga tun kafin 2020, ba a bi ta nan sai an tambaya.

WA ZAI TAFI, DA KUƊIN WA?

Nan ne ziyara takan lalace. In wani shiri ne ya kawo mota da kuɗin guzuri, sai ka ga jerin sunaye ya cika da ƴan uwan manya. Mutum ɗaya ya je ziyara huɗu, gonarsa tana nan yadda take. Wanda ya je don kuɗin zama, kuɗin zama zai kawo. Mata kuwa, su da ke neman itace da ruwa, su ke kiwon awaki, akan ce ba mai tsaron gida. Makiyayi ba a ma tuna da shi, yana daji lokacin da aka rubuta sunaye.

Ƙungiyar da ta biya da kanta ita ke zaɓen mutanenta. Lissafin ba wuya. Mutum 16, kowa ya ba da tiya 10 ta wake da kaka, an sami tiya 160. Buhu yana cin tiya 40, ke nan buhu 4. A zuba a buhu mai riɓi uku, a ɗaure, a ajiye wurin ma'aji. In wake ya yi kuɗi a sayar, a biya mota. Masauki kuwa, ƙauye ba ya rasa zaure. A aika wa mai garin da za a je tun da sati biyu, a tafi da goro da ɗan hatsi, kada a zama nauyi.

Lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, kafin zafi ya shigo, watan Disamba ko Janairu. Amma mai son ganin hatsi a ƙarƙashin gawo sai ya koma a watan Satumba, ko mutum biyu ne, ya gwada zangarniyar gindin itace da ta fili.

A raba aiki tun a gida. Wani ya rubuta sunayen itatuwa. Wata ta rubuta farashi. Wani ya auna da igiya mai ƙulli a kowace mita. Mai waya ya ɗauki hoto, amma waya takan lalace ko a sayar da ita, littafi yana nan. Kowane dare a zauna, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a gyara wa juna.

Ranar dawowa littafin ya wuce hannun malamin yaƙi da jahilci, a karanta shi a aji, a kwafe shi biyu, ɗaya a kai rugga. Kowane matafiyi ya ware ɗan yanki a gonarsa, taki 50 tsawo da 50 faɗi, a bakin hanya inda masu wucewa za su gani. Watan Maris da Afrilu lokacin sassabe ne. A wasa adda sosai. A sari reshe daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. Tsiron da aka bari a ɗaura masa jan ƙyalle, alamar yana da mai shi. Bayan wata uku ko huɗu a dawo a rage sabon toho.